An rage wa ɗana allurar ciwon suga, babansa ya ce ya warke: mu daina?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa takwas, nauyinsa kilo 27. Wata biyu da suka wuce ya fara yawan shan ruwa da fitsarin kwance, ya rame, daga baya ya kama amai har ya fita hayyacinsa. A asibiti aka ce ciwon suga ne nau'i na ɗaya, aka sallame mu da allura huɗu a rana. Tun daga nan ban yi barcin kirki ba, duk bayan awa ɗaya sai na tashi na duba ko yana numfashi. Gani nake laifina ne, don ban taɓa hana shi alawa ba. Kullum sai an yi kokawa kafin a yi masa allura. Yanzu kuma sukarinsa yana yawan faɗuwa, likita ya rage masa daga yunit 20 a rana zuwa 11, shi ne babansa yake cewa ai ya warke, a daina huda yaro haka nan. 'Yan'uwa kuma kowa da maganin da yake kawowa. Na rasa inda zan sa kaina.

Wata uwa

Amsa:

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya, ke ma sannu da ɗawainiya. Za mu fara da maganar maigidanki, domin a duk abin da kika lissafa ita ce za ta iya mayar da yaron gadon asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu.

Bai warke ba, kuma ba za a daina allurar ba. Amma maigidanki ba daga sama ya tsinci maganarsa ba, abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, fassarar ce ta kuskure. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, a cikinta akwai ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke sa sukarin da ke jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya garkuwar jikin yaron ce da kanta take far wa waɗannan ƙwayoyi tana kashe su a hankali, tun watanni ko shekaru kafin a ga alamar komai. Lokacin da aka kai shi asibiti akwai 'yan kaɗan da suka rage, amma sun galabaita saboda yawan sukarin da ke jini. Da aka fara allura sukari ya sauka, sai suka samu sarari suka farfaɗo, suka ci gaba da ba da ɗan abin da za su iya. Shi ya sa buƙatarsa ta ragu. Ki lissafa da kanki: yunit 11 ga yaro mai kilo 27 bai kai rabin yunit ga kowane kilo ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da likitoci ke gane wannan lokaci na lafawa da shi. Yakan ɗauki makonni ko watanni, wani yaron ya haura shekara. Amma garkuwar jiki ba ta janye ba. Ƙwayoyin da suka rage za su ci gaba da ƙarewa, allurar kuma za ta sake hawa, zuwa wajen yunit 0.7 zuwa 1 ga kowane kilo kafin balaga, lokacin balaga ma ta zarce haka. Ranar da ta fara hawa kada ki ɗauka wani kuskure kika yi ko ciwon ne ya tsananta. Haka tafiyarsa take.

Haɗarin wannan lokaci shi ne duk maganin da aka ba yaro a cikinsa sai a ga kamar ya yi aiki. A jiƙa wani ganye a ba shi, a ga lambobi sun yi kyau, a ce ga shi nan mun faɗa. Lambobin da ma za su yi kyau ko ruwan banza aka ba shi. Idan 'yan'uwa suka matsa, ki ba su wannan tarihin: kafin shekarar 1922 babu irin saiwa, ganye ko tsarin abincin da ba a gwada ba, amma yaron da ya kamu da wannan nau'i da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. A 1921 aka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa yana gab da mutuwa, ya tashi. Daga ranar zuwa yau ba a samu abin da ya maye gurbinsa ba. Ƙwayoyin da manya masu nau'i na biyu ke haɗiya ma ba su yi wa ɗanki aiki, don su jikinsu yana da insulin, shi kuwa nasa ne yake ƙarewa.

Maganar alawa kuma ki sauke ta daga ranki. Shan zaƙi ba ya kawo nau'i na ɗaya. Da kin hana shi sukari tun ranar da aka yaye shi, da ciwon ya zo a lokacin da ya zo. Mafi yawan yaran da ke kamuwa ma babu mai ciwon a gidansu, don haka babu dalilin a fara neman ko ta wajen uwa ne ko ta wajen uba.

Yanzu ga abin da ke hana ki barci. Tsoron faɗuwar sukari ba ya tafiya da lallashi, yana raguwa ne idan kin san daidai abin da za ki yi, har hannunki ya riga tunaninki. Lambobin sukari da za mu ambata na na'urar da ke ƙirga da mg/dL ne. Idan taki mmol/L take nunawa, sai ki raba lambobin namu da 18.

Duk abin da ya gaza 70, wato 3.9, faɗuwa ce, ko yaron yana wasa lafiya lau. Ƙasa da 54, wato 3.0, faɗuwa ce mai tsanani. Alamomin da aka saba faɗa su ne gumi, rawar hannu, yunwa ta farat ɗaya da bugun zuciya, amma a wajen ɗan shekara takwas sau da yawa halinsa ne ke fara canzawa. Yaron da yake dariya yanzu sai ki ga ya yi shiru yana kallon waje ɗaya, ko ya fashe da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ki yi masa magana ya amsa da abin da ba a tambaye shi ba. Kafin ki yi masa faɗa, ki gwada shi. Idan na'urar ba ta kusa, ki ɗauka faɗuwa ce ki ba shi sukari. Sukarin da ya ɗan hau na awa ɗaya ba zai yi masa illar da faɗuwa za ta yi ba.

Ma'aunin shi ne giram 0.3 na sukari ga kowane kilo na nauyinsa. A wajen ɗanki giram takwas ke nan: ƙaramin cokalin shayi biyu na sukari, a shafe ba a tsiri ba, a narke a ɗan ruwa, ko kamar kashi ɗaya cikin uku na kofin ruwan 'ya'yan itace. Ki zaunar da shi, ki duba agogo, ki jira minti 15, ki sake gwadawa. Idan har yanzu bai kai 70 ba ki maimaita. Idan ya haura kuma abinci na gaba da saura fiye da awa ɗaya, ki ba shi wani abu mai riƙe ciki, kamar yankan burodi ɗaya. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko a ba yaro cakulan ko madara, alhali maiƙon da ke cikinsu yana jinkirta shigar sukarin cikin jini. Na biyu, kuma kusan kowace uwa ta taɓa yinsa, shi ne a tsorata a yi ta ɗura masa, ya shanye kwalba guda, bayan awa biyu na'ura ta nuna 300, a sake ruɗewa a ƙara allura, ya sake faɗuwa. Mintuna 15 ɗin nan suna da tsawo ga uwar da ke kallon ɗanta yana rawa, amma jiransu wani ɓangare ne na maganin.

Idan kuwa ya kai ba ya iya haɗiya, ko ya suma, ko yana jijjiga, kada ki zuba masa komai a baki, zai iya shaƙewa ruwan ya tafi huhu. Ki kwantar da shi a gefensa. Akwai allurar gaggawa da ake kira gulukagon, wadda ke sa hanta ta saki sukarin da ta tara: rabin miligiram ga yaron da bai kai kilo 25 ba, miligiram ɗaya ga wanda ya kai, a cinya. Akwai kuma irin wanda ake fesawa a hanci. Ki nemi likita ya rubuta muku idan ana samu, ki koyi haɗa shi tun kafin ranar buƙata, ki kuma riƙa duba ranar lalacewarsa. Yakan sa amai bayan yaro ya farfaɗo, don haka ya ci gaba da kwanciya a gefe. Idan babu shi, sai asibiti mafi kusa nan take, kuma tun daga bakin ƙofa ki ce yaro ne mai allurar insulin, sukarinsa ya faɗi.

Tashi duk bayan awa ba zai ɗore ba, kuma uwar da ba ta yi barci ba ita ce ke kuskuren yunit da safe. Ki gwada shi kafin ya kwanta, ki nemi likita ya kafa miki lambar kwanciya; da yawa sukan sa tsakanin 90 da 150. Gwajin tsakar dare, wajen ƙarfe biyu zuwa uku, ki ajiye shi ga dararen da ke da dalili: ranar da ya yi guje-guje sosai, ranar da aka canza yunit, ranar da sukarin ya faɗi da yamma, ko ranar da ba shi da lafiya. Wasan motsa jiki yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar iyaye, tsoka takan ci gaba da jan sukari awanni da yawa bayan an gama, sai faɗuwar ta zo cikin dare. Tunda kin ce yana yawan faɗuwa a 'yan kwanakin nan, kada ki jira ranar ganin likita. Duk faɗuwar da ta maimaitu a lokaci ɗaya kwana biyu ko uku a jere, alama ce a sake rage allurar da ke aiki a wannan lokacin. Idan hali ya yi, na'urar da ake liƙawa a fata tana auna sukari dare da rana tana yin ƙarar gargaɗi idan ya sauka ita ce ta fi mayar wa iyaye barcinsu. Sai dai takan yi jinkirin 'yan mintuna a bayan jini, don haka idan abin da ta nuna bai yi daidai da yadda yaron yake ba, a koma ga yatsa.

Ɗaya gefen, wanda ya kai ku asibiti tun farko, ya fi faɗuwa kisa amma ya fi ta ba da lokaci. Idan insulin ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya amfani da sukari, sai ya koma ƙona kitse, ƙonawar kuma tana haifar da wani abu mai tsami da ake kira kiton. Idan ya taru jini ya yi tsami, sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu alhali yana kwance, baki yana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, sai magagi. Wannan ne zai dawo idan aka bi shawarar daina allura. Kuma a nan ne iyaye masu kula ma suke zamewa, ta hanyar da ke kama da hankali: yaro yana zazzaɓi, ya ƙi cin abinci, sai a ce tunda bai ci ba kada a yi masa allura. Zazzaɓi da kowace irin cuta suna sa jiki ya fitar da sinadaran da ke ɗaga sukari, don haka buƙatarsa ta insulin takan ƙaru ne ko bai sa komai a baki ba. Allurar da ke aiki tsawon yini ba a tsallake ta ko da wasa. Idan amai da gudawa ne sukarin kuma yana ƙasa, ana iya rage yunit da shawarar likita, amma ragewa daban, dainawa daban.

A ranar rashin lafiya ki gwada sukari duk bayan awa biyu, har cikin dare, kiton kuma duk bayan awa biyu zuwa huɗu. Ko ba ya ciwo, duk lokacin da sukari ya haura 250, wato 14, ya ƙi sauka, a gwada kiton. Akwai tsinken gwajin fitsari mai canza launi, akwai na jini wanda ya fi shi saurin nuna gaskiya. A na jini, ƙasa da 0.6 lafiya; 0.6 zuwa 1.5 ya fara taruwa, ana buƙatar ƙarin ruwa da ƙarin insulin mai saurin aiki. Sama da 1.5 ki kira likita yanzu; 3 ko fiye, asibiti ba tare da jira ba. Ƙarin insulin ɗin yakan kasance kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na jimillar yunit ɗinsa na yini, gwargwadon yawan kiton. Ga mai yunit 11, kashi goma cikin ɗari yunit ɗaya ne kacal, kin ga ba abin da za a yi da ka ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: ki sa likita ya rubuta miki wannan lissafi a takarda tun yaron yana lafiya, a sabunta shi duk lokacin da aka canza yunit. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi duk bayan 'yan mintuna, mara sukari idan lambar tana sama, mai sukari idan ta sauko ƙasa da 180 kuma ba ya cin abinci. Aman da ya wuce awa biyu, ko wannan numfashin, ko barcin da ba a iya tashinsa sosai, duk sun wuce aikin gida.

Idan sukari ya yi ta hawa babu ciwo babu dalili, ki zargi insulin ɗin kansa kafin ki zargi yaron da satar abinci. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firiji, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wajen ƙanƙara. Wanda ya taɓa daskarewa ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar da. Wanda ake amfani da shi yakan yi kamar kwana 28 a yanayin ɗaki, don haka ki rubuta ranar buɗewa a jikinsa. Rana, cikin mota da ke ajiye, ko kusa da murhu suna kashe ƙarfinsa ba tare da kamanninsa sun canza ba. Idan da sirinji kuke amfani, ki duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji su zama ɗaya: insulin mai U-100 a sirinjin U-40 yana nufin an ba yaro ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Ki kuma san sunan kowane insulin da lokacinsa. Mai saurin aiki yana farawa cikin minti 10 zuwa 20, ya ƙare cikin awa uku zuwa biyar, ana yinsa dab da cin abinci. Na gargajiyar nan mai haske kamar ruwa da ake kira Regular yana buƙatar minti 30 kafin abinci. NPH mai launin madara sai an mirgina shi a tafin hannu har ya haɗu sosai, ba a girgiza shi ba, kuma ƙarfinsa yana kai ƙololuwa awanni bayan allura, shi ya sa na yamma ke iya kayar da sukari cikin dare.

Kokawar allura tana da gyara. Yawancin kukan na jira ne, ba na zafi ba. Ki haɗa komai a inda ba ya gani, sannan ki kira shi. Kada ki tambaye shi ko a yi, wannan ba abin zaɓi ba ne. Ki ba shi zaɓin da yake na gaske, ciki ko cinya, dama ko hagu, shi zai ƙirga ko ke. Insulin da ya fito daga firiji da sanyinsa ya fi zafi. Idan abin allurar mai kama da biro ne, allura mai tsawon milimita huɗu ta isa: a sa sabuwa, a fitar da yunit biyu a iska har a ga ɗigo a baki, a saita yunit, a ɗan tattaro fata tunda siriri ne, a soka a tsaye, a danna har ƙarshe, a ƙirga goma kafin a zare. Wanda ya zare da wuri zai ga ɗigo a fata, kuma ga yaron da allurarsa yunit biyu ce ko uku, wannan ɗigon ba ƙaramin kaso ba ne. Kada a ce masa ba zafi; a ce zai ɗan ji, zai wuce kafin a kai goma. Kada kuma allura ta taɓa zama abin barazana a gidan, irin "in ba ka yi shiru ba zan kira a yi maka", ko daga bakin wa.

Wuri kuma a riƙa canzawa, tazarar faɗin yatsa daga na jiya. Yara sukan nace a waje ɗaya saboda ya daina zafi, ya daina zafi ne kuwa don kitse ya taru ya yi ƙullutu a ƙarƙashin fata. Insulin da aka zuba a ƙullutu ba ya shiga jini yadda ya kamata, yau ya yi jinkiri sukari ya hau, gobe ya shiga gaba ɗaya ya faɗi. Sau ɗaya a mako ki shafa wuraren da tafin hannu lokacin wanka. Gwajin yatsa ma haka: a wanke hannu a busar, don ɗan zaƙin da ya rage a yatsa yana iya nuna lambar ƙarya mai yawa, a huda gefen kan yatsa ba tsakiyarsa ba. Idan tsinken gwaji ya yi ƙaranci, waɗanda ba a sadaukarwa su ne na kafin kowane abinci da na kwanciya.

Abinci ba za mu tsawaita ba, don masanin abinci na asibitinku ya fi mu sanin farantin ɗanki. Abin da za mu ja kunne a kai ɗaya ne: kada a hana shi abinci mai sitaci don a ga lamba ta yi kyau. Yaro ne mai girma, kuma ya riga ya rame. Insulin ake daidaitawa da abinci, ba yunwa ake sa yaro don ya dace da insulin ba. Ki koyi ƙiyasta sitacin da ke farantinsa da ƙaramin sikelin kicin: yankan burodi ɗaya wajen giram 15, dafaffiyar shinkafa giram 100 wajen giram 28, kofin madara wajen giram 12, nama, kifi da ƙwai kusan babu. Idan yunit ɗinsa tsayayye ne, sai yawan sitacin da lokacin cin su zama kusan ɗaya kullum. Lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi su koma maganin faɗuwa. Sauran kuwa tukunya ɗaya da kowa, don yaron da aka ware wa kwano shi ne ke fara ci a ɓoye.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake magana a kan lambobi. Idan duk lokacin da na'ura ta nuna 240 fuskarki ta canza, kika ce me ka ci, ba da daɗewa ba zai koyi ɓoye miki, idan ya girma kuma ya fara rubuta lambobin ƙarya a littafi. A ce ya hau ko ya sauka, kada a ce mai kyau ko mara kyau. Abin da ake nema shi ne mafi yawan yini, kamar kashi 70 cikin ɗari, ya kasance tsakanin 70 da 180, gwajin jini na HbA1c na duk wata uku, mai nuna matsakaicin sukarin watannin, kuma ya tsaya wajen 7 ko ƙasa. Babu yaron da ke zama cikin iyaka kullum. Tsoron makanta da ciwon ƙoda da za ki ji a bakin mutane ba na wata rana ɗaya da sukari ya hau ba ne, na shekaru ne na rashin kulawa. Babban binciken da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993 a kan mutum 1,441 ya nuna cewa kulawa ta kurkusa ta rage haɗarin fara lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari. Duba ido da ƙoda akai-akai ana farawa ne wajen shekara 11, bayan ciwon ya yi shekara biyu zuwa biyar, don haka ba nauyin wannan watan ba ne.

A shekararsa zai iya wanke hannu, ya huda yatsa, ya karanta lamba, ya faɗa idan ya ji jikinsa ya canza. Lissafin yunit da tabbatar da an yi allura na manya ne, kuma zai daɗe a haka, ko ya iya sokawa da kansa babba ya tsaya a kansa. Makaranta a kai musu takarda shafi ɗaya: alamomin faɗuwarsa, cokali nawa za a ba shi, lambar wayarku biyu, da cewa a bar shi ya ci, ya sha ruwa, ya fita fitsari ko ana tsakiyar darasi, kuma kada a taɓa tura shi shi kaɗai zuwa ofis idan ya ce jikinsa ba daɗi. Sukari ya kasance a jakarsa da kuma aljihun teburin malami. Wasa da tsere duk ya yi; idan kafin farawa bai kai 90 ba, ya ci wani abu mai giram 10 zuwa 20 na sitaci tukuna. 'Yan'uwansa ma a gaya musu ba ya yaɗuwa, a kuma ware musu ɗan lokaci, don suna lura da inda hankalin gida ya koma.

Ke kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wasiƙarki ba mu ga wanda ya iya allurar ban da ke ba, kuma wannan kansa haɗari ne ga yaron ranar da kika kwanta ciwo. Ana buƙatar aƙalla manya biyu a gida da ɗaya a waje da suka iya gwaji, allura da maganin faɗuwa. Kuka da firgici a watannin farko ba baƙon abu ba ne, amma idan kika yi mako biyu ko fiye ba kya iya ci, ba kya iya barci ko an karɓe ki, ko komai ya fita ranki, ki faɗa wa likitan yaron kai tsaye, ya san inda zai tura ki. Ki tambaye su ko akwai ƙungiyar iyayen yara masu wannan ciwo. Uwar da ta yi shekara uku a ciki tana da dabarun da ba sa cikin takardar asibiti.

Maigidanki kuwa gardama a gida ba za ta canza masa ra'ayi ba, kuma sau da yawa uban da ke cewa ya warke uba ne da bai iya kallon ana huda ɗansa. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita na gaba, ku tafi da littafin lambobi, ki bar shi ya yi tambayar da bakinsa: tunda an rage, me zai faru idan aka daina? Kafin ku fito, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta sa shi ya yi wa yaron allura a gabanta, daga nan kuma allurar dare da gwajin kwanciya su zama nasa.